Injin da Ya Ƙi Hannun Kowa

A mashigar kogin babu wanda bai san Mai Jirgi ba. Jirginsa na katako ne, dogo, mai rumfar tamfol, injin da ke cikinsa kuwa ya girmi 'ya'yansa duka. Da shi yake ƙetarar da mutane da kayansu zuwa kasuwar tsallake da safe, ya dawo da su da yamma. Matarsa, wadda kowa a mashigar ke kira Gwaggo, ba ta taɓa ganin ya kira makanike ba. In injin ya fara tari, sai ya tuɓe riga ya shiga raminsa, ya fito baƙi ƙirin, injin kuma ya tashi.

Ana nan, wata safiya ya sunkuya zai sa takalmi, sai ya kife. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo gida hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya karkace, magana ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage masa, ita ce "a'a". In yana jin ƙishirwa, a'a. In an ba shi ruwan ya sha ya ji daɗi, a'a. Gwaggo ta koma karanta idonsa. Wata rana ta dace, wata rana ta yi ta jero masa abubuwan da bai nema ba har ya gaji ya juya kai bango.

Ƙaninsa Dogo ne ya karɓi jirgin. Dogo ya iya tuƙi, ya san inda yashi yake da inda ruwa ke da zurfi, amma bai taɓa sa hannu a injin ba, don yayansa ba ya bari. Da farko abin ya tafi lami lafiya. Daga baya injin ya soma fitar da farin hayaƙi, yana shaƙewa kamar mai mura. Wata ranar kasuwa Gwaggo tana shanya a bayan gida ta hango jirgin a tsakiyar kogi ya juya gefe, ruwa yana tafiya da shi, cike da mata da buhuna. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu tana kallo har ya ɓace a bayan itatuwa. Masunta ne suka tare shi can ƙasa, suka jawo shi da igiya. Ba wanda ya ji ciwo, amma daga ranar fasinjoji suka koma jirgin wasu.

Dogo ya ɗauko makaniken da ake kira Baƙin Mai. Mutumin ya wuni a cikin ramin, sannan ya hau gidan, ya tsuguna a ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"Gwaggo, na buɗe injuna da yawa," in ji shi, "amma wannan ban san ta inda zan kama shi ba. Kamfanin da ya ƙera shi ma in ya gan shi ba zai gane ɗansa ba. Nan waya, nan guntun gwangwani, can notin keke. Duk dabarar maigidanki ce. In na ɗaure wannan, wancan ya saki."

"To a sayo sababbin kayan mana," in ji Gwaggo.

"An daina yin su tun ina koyon aiki."

Dogo ya sosa ƙeya. "Matar Yaya, ko mu kai shi ya nuna mana? Ai idonsa da hankalinsa suna nan."

Gwaggo ba ta so ba, don tun da ya kwanta bai yarda mutanen mashigar su gan shi ba. Amma da ta faɗa masa, sai ya kama hannunta da hagunsa ya matse, ta ɗauka amincewa ce. Ta sa masa riga mai kyau. Dogo da wani maƙwabci suka ɗauke shi a kan kujera, suka gangara da shi har cikin jirgin, suka ajiye shi a bakin ramin injin.

Ya daɗe yana kallon injin a warwatse. Sannan ya ɗaga hagunsa ya nuna wani wuri.

Baƙin Mai ya dafa famfon mai. "Wannan, Baba?"

"A'a."

Ya dafa bututun da ke kusa. "Wannan?"

"A'a."

Haka ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya, amsar ba ta canja ba. Dogo ya juyo ya dubi Gwaggo. "Wace ce a'ar gaske a ciki?"

Ta durƙusa gaban mijinta ta dubi idonsa. A ɗaki ta san idon ƙishirwa da idon ciwo, amma ba ta san idon famfo da bututu ba. "Maigida," ta ce a hankali, "in shi ne, ka matse hannuna." Aka sake bi daga farko. Ya matse a kan famfon, ya matse a kan wayar, ya matse a kan wani ƙarfe da Baƙin Mai ya ce ba ya aikin komai. Wataƙila yana nufin duka ne, wataƙila yana nufin a bi su da wani tsari da shi kaɗai ya sani. Ya yi ta ƙoƙarin haɗa magana, wuyansa ya kumbura, yawu ya zubo masa a riga. Mutane sun taru a gaɓa suna kallo. Gwaggo ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta ce wa Dogo, "Ku mai da shi gida."

Ranar bai ci abinci ba.

Babban ɗansu da ke aiki a birni ya ji labari, ya bugo waya ya ce a daina wahalar da Baba, zai aiko da wani inji. Ya kuwa aiko, babba, mai jan fenti, an ciro shi daga jirgin ƙarfe. Baƙin Mai ya zagaya shi ya ce ya yi wa katakon nan ƙarfi, amma tun da an riga an kawo, babu yadda za a yi. Aka ciro tsohon da sarƙa aka ajiye a kan yashi, aka ɗaura sabon.

Bugu ɗaya ya tashi. Dogo ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, fasinjoji suka fara dawowa. Sai dai jirgin yana kakkarwa tun daga kai har gindi, kofi ma ba ya zama a kan benci. Ba a jima ba ƙusoshi suka soma fitowa, ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin katakai. Dogo ya cusa tsumma da kwalta, ya toshe nan, can ya buɗe. Ya koma tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana kwarfar ruwa da bokiti. Da abin ya ƙi, aka jawo jirgin tudu aka kira kafinta. Kafintan ya soka wuƙa a katakon ƙasa, ta shige kamar a sabulu.

"Tsohon injin lallaɓa shi yake yi," in ji shi. "Wannan kuwa ya girgiɗe shi. Gyaransa sai dai a sassaƙa wani jirgin."

Gwaggo ta tambayi Baƙin Mai ko za a mai da tsohon. Ya kai ta inda aka ajiye shi, ruwan sama ya dake shi, tsatsa ta ci, wasu kayan ma an kwashe. Daga nan ba ta sake tambaya ba.

Sabon injin aka ciro shi aka ba mai niƙa. Dogo ya samu aiki a jirgin wani. Gwaggo ta yi kwanaki tana neman yadda za ta faɗa wa mijinta, ranar da ta faɗa kuwa bai ko motsa ba, sai ta gane ya riga ya sani.

Da maganinsa ya ƙare, dole ta ƙetara zuwa asibitin tsallake. Ta gangara mashigar, ta bi layi a bayan mata masu kwanduna, ta shiga jirgin da ya zo. Matuƙin baƙo ne, bai san ta ba.

"Mama, matsa ciki," ya ce, "akwai mutane a baya."

Ta matsa, ta ɗora jakarta a cinya, jirgin ya ja da baya ya kama hanyar tsallake.