Rubutun Uwaisu a Gefen Shafi

Cikin wani dare na shekarar 1975, Mainasara ya ji ƙara a ƙarƙashin gadonsa, ƙyas, ƙyas, irin wadda alƙalamin kara ke yi a kan takarda. Ya ce ɓera ne. Ba komai a wurin sai kwalin tsofaffin littattafai da ya saya ranar a gindin tashar jirgin ƙasa ta Parkchester, a New York.

Mainasara kuku ne a gidan wani jami'in jakadanci. Ba don girki ya karɓi aikin ba. Ƙaninsa Uwaisu ya zo karatu New York shekara bakwai da suka wuce, ya yi wasiƙa uku ya yi shiru, tsohuwarsu kuma ta ce kada Mainasara ya koma Gusau ba labarinsa. Littattafan ya saya ne don Turancinsa ya isa tambaya.

Da gari ya waye ya zazzage kwalin. Babu ɓera. Duk labaran jami'an bincike ne na Ingila, masu kisa a gidajen attajirai. Ɗaya daga ciki gefen shafukansa cike yake da ajami, da jar tawada, wutsiyar kowane harafi ta karkata hagu. Mainasara ya zauna a ƙasa. Rubutun Uwaisu ne. Shi ya fara riƙe wannan hannun ya koya masa rubutu.

Mahaifinsu ya hore su da cewa ba a wuce kalma sai an rubuta ma'anarta, an kuma kwatanta ta da abin da ido ya gani. Uwaisu bai bar horon ba ko a littafin Turawa.

A kan kalmar fog ya rubuta: hazo mai jiƙa riga, kamar na titinmu da asuba. A kan chemist: mai sayar da magani, kamar na ƙasan gidanmu mai koriyar kwalba a taga. A kan attic: ɗakin da ya fi kowane nisa a sama, irin nawa, daga nan ina hango cocin da agogonsa ya tsaya a ƙarfe huɗu.

Mainasara bai damu da wanda ya kashe attajirin ba. Jar tawadar yake bi. Tun yana murmushi har ya daina, don bayanan sun fara gajarta. A kan footsteps: sawun mai hawowa bene, ya tsaya a ƙofa, bai ƙwanƙwasa ba. A kan inquest: zaman da ake yi a gano yadda mutum ya mutu, in yana da mai tambaya. Daga nan shafukan fes suke.

Lahadi huɗu yana yawo yana ɗaga kai. A unguwar Morrisania ya ga agogon.

Gidan da ke fuskantar cocin ya ƙone. Shagon maganin na nan, ba ƙofa, ba kwalba. Tagogi duk ramuka ne baƙaƙe, sai guda ɗaya can ƙoli mai gilashi, a buɗe.

Wata dattijuwa na zaune a matakalar gidan da ke kusa tana gyaran wake. Ta amsa sallamarsa da Hausar Kumasi, ta ce sunanta Balki. Ya nuna mata hoton Uwaisu.

"Ɗan Malam!" ta ce. "Mai tare mutane a titi yana tambayar ma'anar kalma. Har ni ya tare, ni da Turancina bai wuce na kasuwa ba."

"Iya, ƙanina ne. Ina ya koma?"

"Bara waccan aka yi gobarar. Masu kashe wuta sun ce ba kowa a ciki. Benen ma ya rufta, ba ta inda za a hau."

"To ya fita ke nan," in ji Mainasara. "Alhamdu lillahi. Ya fita."

Yayyafi ya fara sauka. Balki ta tattara wakenta a zane, ta miƙe da ƙyar, ba ta dubi sama ba.

"Haka nake cewa ni ma, ɗana. Amma in ya fita, wa ke rufe tagar nan duk lokacin da aka fara ruwa?"