Mace Ce, Auta

Tun ranar da ƙanena Auta ya shigo da hawainiya a keji, shi da Mama suka buɗe musun da ba ya ƙarewa.

"Fitar min da ita daga falo."

"Ba ita ba, Mama, shi. Namiji ne. Bari ya girma ki ga tulluwar kai, ki ga kala kamar sabuwar atamfa."

"Wannan 'yar firit ɗin? Mace ce."

Shekara ta zagayo, dabba ba ta ƙara wani girma ba, kalar ma koren nan ne dishi-dishi. Auta bai sauko ba. Taurin kai dai a gidanmu gado ne.

Sai haɗarin babur ya ɗauke mana Auta.

Da 'yan gaisuwa suka watse, Mamar da ko kallon kejin ba ta yi, ita ce ke fesa wa ganye ruwa, tana bin fara a bayan gidanmu da tsufanta don ciyar da hawainiyar. Kuma ta koma cewa "shi". Wallahi wannan ya fi kukanta ci min rai.

Ba a jima ba hawainiyar ta daina ci. Jikinta ya yi baƙi da ɗigo-ɗigo kalar ruwan lemo, ta sauko daga reshe tana ta ƙwaƙular katakon ƙasan keji.

"Kewar ubangidansa yake," in ji Mama. "Ku bar shi ya yi jimaminsa."

Muka bari. Sai da idanun suka zurma na matsa, muka tafi asibitin dabbobi, Mama na riƙe da ita a tafin hannu.

Likitar ta duba ƙafar baya, ta shafa cikin a hankali.

"Namijin irin wannan yana da ɗan tsini a dunduniya, ya fi girma, ya fi kala. Wannan mace ce, Mama. Ƙwai ne fal cikinta, ko ba namiji suna yi. Yashi take nema ta tona ta zuba. Sai dai an makara, ƙarfinta ya ƙare."

Kafin a haɗa allura, 'yan yatsun hawainiyar da ke damƙe da babban yatsan Mama suka saki.

Mama ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Mace," ta ce. "Ai na gaya masa."

Ta waiga hagunta, inda Auta ke tsayawa duk sanda ya rako ta unguwa, bakinta a buɗe da sauran maganar. Ni ce tsaye a wurin.