Dutsen Kifin Perina

Girgizar ƙasar da ta rushe ƙaramin cocin kan tudu ko akuya ba ta taɓa ba, shi ya sa mutanen garinmu suka ɗauke ta magana ce tsakanin Allah da magina. An sake tayar da bango, an yi rufi, saura bagade, wato teburin hadaya. Kowa kuwa ya san aikin na wane ne. Barba Dinko (Barba muke ce wa dattijo) ya tsufa yana sassaƙa farin dutsen tsibirinmu. Rabin ƙofofin garin aikinsa ne, kaburbura kuwa duk nasa ne, amma a coci babu abu ɗaya da zai nuna ya ce ga hannuna. Abin yana cin ransa ƙwarai. Tun kafin girgizar ya ajiye wani ƙaton dutse a bayan gida, ya lulluɓe shi da tamfol yana jiran rana. Ga shi hannunsa na dama ya fara 'yar rawa da safe, wadda yake ɗora wa kofi laifinta. Burinsa ya gama bagaden nan kafin rawar ta kai la'asar.

Sai sabon fada, limamin cocin, mai suna Don Lovre, yaro mai ƙuruciya da yawan karatu, ya tashi ranar Lahadi ya ce za a yi bagaden yadda aka umarci mutanen farko, da duwatsun da ƙarfe bai taɓa ba. Ya ce ƙarfe ɗan'uwan takobi ne, aikinsa rage kwana, bagade kuwa wurin sulhu ne, ba a haɗa su. Kowane gida ya kawo dutse ɗaya yadda Allah ya ajiye shi. Jama'a suka juya suna kallon Dinko. Dinko ya ɗaga kai yana kallon rufi, har ya gano wani kuskure da masu rufin suka yi.

Bayan an tashi ya tare fadan a bakin ƙofa, ƙofar da shi ya sassaƙa wa maƙwabta irinta.

"To Fada, ni duk aikin da na yi a duniya ƙazanta ne ke nan?"

"Ba ni na ce ba, Barba. Dutsen da Allah ya yi ba ya bukatar gyara."

"Ka taɓa zama a kan wanda ba a gyara ba?"

Fadan ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya yafe maka tun kafin ka gama laifin. Babu abin da ke ƙona dattijo kamar wannan. Dinko ya sa hularsa ya wuce, ya kuma rantse a gaban kowa cewa ko tsakuwa ba za a gani daga gidansa ba.

Abin da Don Lovre bai lura ba, domin shi ɗan birni ne, shi ne a tsibirin nan da wuya ka sami dutsen da bai sha ƙarfe ba. Kakanninmu mata da fartanya suka tone su ɗaya bayan ɗaya daga gonakin inabi suka tara. Gari ya rikice. Jerko mai zaitun ya kawo nasa yana huci, Mandica matar mai burodi ta nuna masa wani zane a gefe ta ce wannan digar kakanta ce, ta san hannunsa. Mutane suka riƙa sauka bakin teku da jakuna suna tono da yatsu. Wani ya je ya tambayi fadan ko dutsen da jaki mai takalmin ƙarfe ya taka yana nan da tsarkinsa. Don Lovre ya yi gumi, ya yi tunani, ya yanke cewa jaki ba ya yi da gangan.

Dinko na jin duk wannan yana dariyar ƙeta, amma dariyar ba ta kai ciki. Rantsuwa dai ya yi, sai dai a ce kowane gida na da dutse a bagaden Allah ban da gidan mai sassaƙa, wannan ya fi ƙarfin zuciyarsa. Wata safiya ya fara zagaya gidansa kamar mai neman allura. Dakali sassaƙaƙƙe ne. Abin shan ruwan kaji sassaƙaƙƙe ne. Ko dutsen tokare ƙofa yana da kusurwa huɗu cif. Bai bar wa Allah ko ɗaya ba.

A ɗakin ajiya ya same shi, a kan gangar kifin gishirin matarsa Perina: wani baƙin dutse mai sulɓi, ba shi da gaba ba shi da baya, wanda uwarta ta ɗauko daga teku don danne kifin sadin. Tun aurensu yake neman ta ba shi ya daidaita masa gindi, tana hanawa.

"Ka ɗauke shi, kifinka ya ruɓe, kai za ka ci," in ji Perina daga bakin ƙofa. "Ina ce ka rantse?"

"Ni na rantse. Dutsen ai na uwarki ne."

Ta ce ta yarda, amma sai ya kawo mata wani mai nauyinsa daidai, yau ɗin nan, don gishiri ba ya jiran fada. A gidan babu dutsen da ba shi da aikin yi sai na ƙarƙashin tamfol. Dinko ya yaye shi, ya ja layi a gefe, ya ɗora ƙarfen sassaƙa ya ɗaga guduma. Rana ta riga ta karkata, kofin safe ya daɗe da wucewa, hannun kuwa yana rawarsa. Ƙarfen ya zame. Ya sake ɗorawa ya riƙe numfashi, ya zame kuma. Da ya buga da haushi sai guntun ya ɓalle a karkace, tsaga ta bi farin dutsen har tsakiya.

Ya daɗe a tsaye. Tsoro ya ji, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar girgizar. Ya gane da an ba shi bagaden, da a kan tudu zai yi wannan, gari na kallo. Perina ta zo ta ɗauki guntun, ta auna shi a hannu, ta ce nauyin ya yi, kifi bai san kusurwa ba. Ba ta kalle shi ba, shi ma ya gode mata da hakan.

Ranar gini ya hau tudu da dutsen a buhu, kuliyoyin gari na biye da shi saboda ƙarnin kifi. Don Lovre na tsaye yana tambayar kowa ko ƙarfe ya taɓa nasa. Dinko ya ce duk gidansa wannan kaɗai ya tsira. Samari suka karɓa suna kau da hanci, suka sama masa wuri a ƙasa ta baya. Shi kuwa ya zura hannuwa cikin aljihu yana nuna musu da haɓa inda za su sa wannan da wancan, mutane suka ce har yanzu fushi yake.

Da an bar shi haka da ya sauka lafiya. Amma Don Lovre mutumin kirki ne, ganin dattijon ya zo ya taɓa masa zuciya. Ya ɗaga murya ya ce ya san ya ɓata wa Barba Dinko rai, kuma coci na bukatar kwamin dutse na yi wa jarirai baftisma, wannan kuwa babu abin da ya hana ƙarfe taɓa shi. Ya ce duk yaron da za a haifa a garin nan ta hannun Barba zai shiga. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, Mandica har da share ido.

Abin da ya roƙa duk rayuwarsa ke nan, aka miƙo masa a gaban kowa. Dinko ya ji hannunsa na bugun cinyarsa a cikin aljihu. Ya dubi Perina, ita tana duban kuliyoyi.

"Wanda ya hana ni bagade ba zai lallashe ni da kwano ba," in ji shi. "Nemi wani, Fada."

Fadan ya yi jajir don kunya. Jerko ya ce wa na kusa da shi ka ga maza, irinsu sun ƙare, maganar ta bi layi har ƙofa. Dinko ya sauko tudun kai a sama, mutane na dare masa hanya. Sai da suka sha kwanar gonar zaitun, inda ba a hango su, Perina ta zaro hannun daga aljihunsa ta riƙe, suka ƙarasa gida a haka.