Jar Garkuwa a Kwamfutar Malam Namadi

Ofishin Ƙungiyar Manoman Rani ta Banga ɗaki ɗaya ne a Kaura Namoda, bayan tashar jirgin ƙasa, tsakanin wani mai faci da shagon intanet. Teburi biyu ne a ciki, da benci, da kwamfuta guda wadda ake lulluɓewa da tsohon zanen gado in an tashi aiki. Waya aka jawo ta taga daga shagon maƙwabta, ita ke kawo musu intanet.

Shugaban ƙungiyar, Malam Namadi, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya a shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara. Shi ya sayo kwamfutar a Gusau a farkon 2006, ya kuma gaya wa 'yan ƙungiya cewa ya yi kwas ɗinta a Kaduna. Gaskiya ne ya je Kaduna taron bita na kwana uku, amma a layin baya ya zauna, kuma kwamfuta ɗaya aka nuna musu daga nesa. Tun daga lokacin wasu ke kiransa Injiniya, bai kuwa taɓa hana su ba. Bugun takardu Mairama ke yi, ɗiyar ƙanwarsa, wadda ke riƙe da sakatariyar ƙungiya. Shi nasa ya tsaya a bayanta, hannuwa goye, ya riƙa cewa, "Danna can."

A watan Mayu na 2007 labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji za ta raba injinan ban ruwa, kuma duk mai so ya aika takardar nema kafin Juma'a. Ranar Litinin da safe Mairama ta buɗe burauza za ta shiga akwatin imel, sai ga alamar wata jar garkuwa ta tsaya a fuskar kwamfuta, da rubutun Turanci a gefenta.

"Kawu, zo ka gani."

Malam Namadi ya sa tabarau, ya duƙa, ya daɗe yana kallo. "Fassara shi da babbar murya, don Wakili ya ji," in ji shi.

Wakili shi ne ma'ajin sunayen 'yan ƙungiya, dattijo mai gonar albasa a bakin gulbi. Yana kan benci yana ɓare goro.

"Wai takardar shaidar wannan shafi tana da matsala," in ji Mairama. "Wai wataƙila wani na ƙoƙarin yaudararmu, ko ya tare saƙon da muke aikawa a hanya. Amma akwai wurin da za a danna a wuce."

"Kar ki danna," in ji Malam Namadi.

Wakili ya maida goronsa aljihu. "Mutanen Zurmi na," ya ce. "Su ma sun ji labarin injinan ga. Tun da munka rigaye su samun taki bara ba su huce ba."

Mairama ta ce ai sai a shiga shagon da ke gefe a aika daga can, minti goma an gama. Kawunta ya ƙi. Ya ce ƙungiya mai kwamfutarta ba za ta bi layi da 'yan makaranta ba, kuma in har ana tare saƙo, to a cikin taron jama'a ya fi sauƙin tarewa. Abin da bai faɗa ba shi ne ba ya son mai shagon ta ji cewa abu ya gagari Injiniya.

Ya sa aka kashe kwamfutar aka kunna sau uku. Ya sa aka zare wayar intanet, ya busa bakinta, ya goge da gefen rigarsa. Garkuwar ba ta gusa ba.

Ranar Talata suka naɗe kwamfutar da bargo, suka shiga motar Shinkafi, inda aka ce akwai wani mai gyara, Zubairu. Malam Namadi ya biya kujera biyu a gaba, ɗaya tasa ɗaya ta kwamfuta. Mairama tana baya cikin mata, riƙe da linzamin kwamfutar da madannanta a cikin leda. A Badarawa direba ya so ya ɗora buhun gero kusa da bargon, sai da aka yi musu mai tsawo.

Zubairu mutum ne mai saurin hannu da saurin baki. Yana jin bayani ya ce batirin agogo ne, ya ga irin wannan ya fi sau ɗari. Ya kwance akwatin, ya cire wani ɗan batiri mai kamar kwabo, ya sa sabo. Ya kunna, ya shiga wajen kwanan wata ya gyara da hannu yana ta ba su labarin wani alƙali da ya yi wa gyara, sannan ya haɗa da nasa intanet. Akwatin imel ya buɗe lafiya lau.

"Kawu, mu aika daga nan mana," in ji Mairama.

Sai a lokacin suka tuna jerin sunayen manoma yana aljihun Wakili, Wakili kuwa yana Banga.

"Ba komai," in ji Malam Namadi. "Dama ni ma batirin na yi zato."

Laraba da safe aka kunna kwamfutar a Kaura. Jar garkuwa ta fito kamar ba ta taɓa zuwa Shinkafi ba.

Wannan ya ƙara wa Wakili ƙarfi. Ya ce abin da ya yi aiki a Shinkafi ya ƙi a Kaura, to ofishin nan aka saita. Ya ajiye jerin sunayen, ya hau babur ɗinsa ya nufi Zurmi, ya ce zai tambayi shugaban ƙungiyar manoman can ido da ido. Shugaban na Zurmi surukinsa ne, ɗansa ke auren ɗiyar Wakili.

Bayan la'asar ya dawo da ƙwaryar ƙwan zabi ɗaure a bayan babur. Ya zauna a benci.

"Yaya?" in ji Malam Namadi.

"Ba su da kwamfuta."

"Ko ɗaya?"

"Ko wuta babu ofishinsu. Da biro sunka cika takardarsu, sunka ba direba ya kai Gusau tun makon jiya. Da nic ce mishi suna tare muna saƙo, sai ya tambaye ni ko a wace mahaɗa, don ya tura a duba." Wakili ya gyara hula. "Sai da sunka sa ni cin tuwo."

Alhamis ta yi, saura kwana ɗaya. Mairama ba ta nemi izini ba, ta leƙa ta taga ta kira mai shagon intanet.

Sunanta Dooshima. Iyayenta 'yan Binuwai ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifinta Kaura, a nan aka haife ta, kuma Hausar Zamfara ce a bakinta. Ita ke gyaran kwamfutocin shagonta da kanta. Ta shigo da gyale a kai, ta gaida dattawan, ta zauna.

"Baba, yaushe ya fara?"

"Litinin."

"An sa mata wani sabon abu kwanan nan?"

"Ko kusa," in ji Malam Namadi. "Ba mai taɓa ta sai Mairama."

Dooshima ta kai linzami kan ɗan agogon da ke kusurwar ƙasa, ta bar shi nan. Kwanan wata ya fito: 9 ga Janairu, 2006.

"Mairama, ba ki taɓa lura ba?"

"Awa kawai yake nunawa, kuma daidai take. Kwanan wata daga kalandar bango nake kwafa."

Dooshima ta gyara kwanan watan, ta buɗe imel, ya buɗe. Wakili ya fara hamdala, ta ce ya dakata tukuna. Ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, ta ce kowa ya zuba ido. Tana tashi Dooshima ta yi maza ta buɗe agogon. Mayu, 2007. Suka yi ta kallo. Wani ɗan baƙin akwati ya yi walƙiya a tsakiyar fuskar ya ɓace, sai kwanan watan ya koma Janairun bara.

Wakili ya ja da baya a kan bencin, ya yi a'uziyya.

"Ba batiri ba ne," in ji Dooshima. "Akwai abin da ke tashi tare da kwamfutar duk sadda aka kunna ta, ba ya nuna kansa, aikinsa kawai ya maida kwanan wata baya. Mai gyaran Shinkafi bai kashe ya sake kunnawa ba, shi ya sa bai gani ba."

"To me ya haɗa kwanan wata da tare saƙo?" in ji Mairama.

"Gidan imel yana da takardar shaida, yana sabunta ta lokaci lokaci. Sabuwar ta fara aiki a watan nan. Ita kuwa kwamfutarku tana zaune a bara. An miƙo mata takarda mai kwanan watan da a wajenta bai zo ba tukuna, kamar a kawo wa Baba Wakili takardar haihuwar yaron da za a haifa baɗi. Dole ta ce akwai ha'inci."

Ta buɗe jerin abubuwan da ke tashi da kwamfuta. Guda bakwai ne. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan na sauti, wannan na firinta, har ta kai na shida. Ta ce wannan ne, kuma ba shi kaɗai yake ba. Akan sa irinsa ne don wata manhajar gwaji ta kwana talatin, a yi ta maida kwana baya don kada wa'adinta ya cika. Manhajar tana cikin wata jaka da aka ɓoye.

A waɗancan shekarun ba a wasa da maganar abin da aka ɓoye. Ba a daɗe ba da aka kai wani mai shagon bidiyo gaban alƙali kan faya-fayan da ya adana ƙarƙashin kanta, labarin ya zaga gari.

"Caca ta?" in ji Wakili a hankali. "Ko hotuna?" Ya dubi Mairama, Mairama ta dubi kawunta. Malam Namadi ya tsura wa silin ido.

"Malama Dooshima," ya ce, "ba dole sai an buɗe ba. A goge kawai."

"In ban ga ko mene ne ba, Baba, zan iya goge abin amfani."

Ta danna. Wani kiɗa mai kamar na wasan yara ya tashi. Fuskar kwamfuta ta cika da balan-balan masu launi suna saukowa, kowace da harafi a jikinta, ga wani ɗan agwagwa da hular malanta yana nuna madannai da fiffike. Manhajar koyon buga rubutu ce. A gefe akwai sunan ɗalibi guda ɗaya: Injiniya Namadi. Darasi na uku. Kalma shida a minti. Yawan gwaji, ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

Mairama ta sa gefen hijabi ta rufe baki. Kafaɗunta kawai ke motsi.

Malam Namadi ya cire tabarau, ya goge, ya maida. Ya ce mai shagon Gusau ne ya sa masa, ya kuma yi masa alkawarin ba za ta taɓa ƙarewa ba. Ya ce in ya fito masallaci da asuba yakan biyo ta ofis ya yi rabin awa kafin kowa ya zo.

"Wata goma sha shida kana darasi na uku?" in ji Wakili.

"Ɗan ƙaramin yatsana ba ya miƙewa. Agwagwar ba ta barin mutum ya wuce sai ya yi da shi."

"Kuma kai kac ce in tai Zurmi."

"Ban ce ba. Ban dai hana ka ba."

Dooshima ba ta yi dariya ba, ko da yake ta daɗe tana kallon madannai kafin ta ɗago. Ta ce in ta cire mai maida kwanan, manhajar za ta ga wa'adinta ya wuce ta rufe kanta. Zaɓi na Baba ne.

Malam Namadi ya kalli balan-balan suna faɗuwa. "Kalma shidan nan, za ta ɓace?"

"Tana hannunka, Baba, ba a cikin kwamfuta ba."

"To cire."

Ta cire alamar da ke gaban na shida, ta goge shi, ta gyara kwanan wata, ta kashe ta kunna har sau biyu. Mayu ta tsaya a Mayu. Imel ya buɗe ba garkuwa. Mairama ta buga sunayen manoma sittin da biyu, aka aika takardar kafin azahar.

Da Dooshima za ta fita, Malam Namadi ya raka ta bakin ƙofa, ya rage murya ya tambaye ta ko maganar za ta iya tsayawa a ɗakin nan. Ta ce daga wajenta ba mai ji. Wakili ma ya yi alkawari, ya kuma riƙe shi har zuwa sallar Juma'a.

Ranar Asabar wasu dattawa uku daga Banga suka zo ofis, suka zauna, suka yi ta gaisuwa ba su faɗi abin da ya kawo su ba. Can ɗayansu ya ce sun ji ana koyar da kwamfuta a nan, kuma an ce ba a duba shekaru. Mairama ta zana madannai a kan kwali huɗu, ta raba musu har da kawunta, ta ce kowa ya ɗora yatsunsa a layin tsakiya. Ta bar su su yi amfani da duk yatsan da ya yarda ya miƙe.

Injinan ban ruwa sun iso bayan girbi. Ƙungiyar ta nemi goma, aka ba ta huɗu, aka kafa su a bakin gulbi kafin dashen albasa.