Billen Dada

"Ba zan goge ba, Bappa."

Bappa Ɗahiru, yayan babana, ya sake duban zanen da ke hannuna. Dada ce a jiki, mahaifiyarsu. Har ta rasu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, da an ɗaga waya sai ta ja mayafi. Ni kaɗai take bari in zauna gabanta da fensir a ƙauyenmu Kiyako, tana ɓarar gyaɗa tana yi mini tsiya: "Rufaida, duk bokon naki a kallon tsofaffi ya ƙare?"

Yanzu ɗansa Ikrima zai auri 'yar Kano, Bappa na son a buga Dada a kalandar biki.

Ya ce, "Billen nan na kumatu kawai za ki cire, da giɓin. Surukan namu 'yan birni ne."

"Tun tana jaririya wanzami ya yi mata shi, da shi ta haife ku. In na goge, wata mata daban za ku raba wa mutane."

"Ki tuna a gidan wa kike kwana."

Na tuna. A gidansa na Birnin Kudu nake zaune saboda karatu, a bayan motarsa nake zuwa makaranta. Ya ajiye mini abin gogewa a kan tebur, ya ce zuwa azahar yake son aikin. Na naɗe zanena na saka a jaka, na bar masa abinsa inda ya ajiye. Kafin la'asar an fito mini da akwatina ƙofar gida.

Da na koma Kiyako, babana ya yi lallashi, ya yi faɗa. Ya ce layi ɗaya ne fa na fensir. Na ce ai ni na ja shi, na san inda ya fara da inda ya tsaya, kuma sai da Dada ta sa na gyara shi da bakinta, wai na rage masa tsawo.

Ashe Bappa ya riga ya ɗauki zanen a waya. Aka kai shago aka share fuskar da kwamfuta, aka cike haƙora. Ban je bikin ba, ba a gayyace ni ba. An ce Inna Talatu, ƙanwar Dada, ta juya kalandar ta tambaya ko uwar amarya ce.

Zanen na gaskiya yana rataye a ɗakinmu a Kiyako, da billensa da giɓinsa. Inna Talatu takan zo ta zauna gabansa tana kallonsa.

Ba ni da wani masauki a Birnin Kudu, don haka karatun bana ya wuce ni. 'Yan ajinmu sun yi jarrabawa ina gida ina tankaɗe. Bappa kuwa har yau ba ya amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa gaishe shi ba.