Mutumin da ke Cikin Tambari

Duk wanda ya san kasuwar Karshi ya san Thaddeus, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai fenti da sai ya sunkuya kafin ya shiga kowace rumfa, wanda masu gini ke so don ba ya ɓata musu lokaci da neman tsani. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da lalacewa, shi ya sa yake tafiya yana jan ƙafa. Abin da yawancin mutane ba su sani ba, shi ma bai cika faɗa ba, shi ne yana nan a ƙirjin kowane ɗan wasa na Tsauni, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Abuja.

Tambarin ƙungiyar baƙar inuwa ce ta mutum ya tashi sama da ƙwallo, hannunsa a ɗan karkace daga gwiwar hannu. Thaddeus ne. Yana saurayi, a wasan ƙarshe na shekarar da Tsauni ta fara cin kofi, wani mai hoto ya ɗauke shi a sama, mai ƙungiyar na lokacin ya ba mai zane hoton aka fitar da inuwar. Ba a sa suna ba, ba a tambaye shi ba, shi ma bai damu ba. Karkacewar hannun kuwa ba laifin mai zane ba ne. Daga bishiyar mangwaro ya faɗo yana yaro a ƙauyensu, mai ɗori ya ɗora iya yadda ya iya. Da gwiwa ta lalace aka sallame shi, 'yan wasa suka zo suka wuce, mai ƙungiya ya rasu, wasu suka saye ta, inuwar dai tana nan. In yana kan hanyar Orozo da bokitin fenti ya hango wani sanye da koriyar jesin, sai ya rage tafiya har mutumin ya wuce. Ranar ko an ɓata masa rai a wurin aiki, abin ba ya zama masa a zuciya.

Wata ranar kasuwa abokinsa Malam Lawal, Bazazzagin da ke sayar da jesi da takalman wasa, ya ƙwala masa kira daga rumfarsa.

"Dogo! Zo ka ga abin da mutanenka suka ɓullo da shi."

Ya miƙa masa waya. Hotuna biyu ne a jere a shafin ƙungiyar. Na hagu tsohon tambari a kan kore, na dama kan zaki ya wage baki, baƙi da ruwan zinare. An ce magoya baya su zaɓa, wanda ya fi ƙuri'a shi za a sa a jesin kakar wasa mai zuwa. Mutanen waya kuwa, Allah ya shirye su, ba a taɓa tambayarsu ra'ayi suka ce ba su da shi ba. Lawal ya karɓi wayar ya shiga karanto sharhi da ƙarfi yana dariya, don shi mutum ne da bakinsa kan riga hankalinsa isa wuri.

"Wannan ya ce tsohon kamar mutum yana shanya wanki. Wannan ya ce, 'Abeg a cire mana mai tsinkar mangwaron nan.' Wata kuma ta ce koren kamar yunifom ɗin firamare. Ji wannan, wai hannun nan irin mariƙin buta ne, ko dai nakasasshe aka zana..."

Nan ya tsaya, ya ɗago ya dubi hannun Thaddeus, ya yi gyaran murya.

"Ai akwai masu hankali a ciki," ya ce da sauri. "Ga wani ya ce da wannan tambarin babansa ya fara kai shi kallon wasa. Ga wani ya ce zaki kowa na da shi, har masu gidan burodi."

Thaddeus ya tambaye shi wanne ke gaba. Lawal ya ce zakin, kuma da nisa. Thaddeus ya ɗauki bokitinsa ya tafi, ko sallama bai yi ba.

A gida ya tarar da matarsa Christina tana yankan kuɓewa a ƙofar ɗaki. Ya ba ta labari a tsaye, ita kuma ba ta ajiye wuƙar ba.

"Baban Promise, ka bar musu kayansu. Tun da suka sallame ka, ko gaisuwar Kirsimeti sun taɓa aiko maka?"

"Ba don su ba ne."

"To don wa?"

Ya zauna a bakin dakali yana miƙe ƙafar mai ciwo.

"Ke kin gan ni ina tashi sama, da idonki. Bayan ke wa ya rage? In suka cire shi, ni mai fenti ne kawai. Kamar ban taɓa yin komai ba a duniya."

Christina ta dube shi, tausayinsa ya kama ta. Ta share hannu a zani, ta ɗauko wayarta ta ce ya nuna mata inda ake dannawa.

Daga nan Thaddeus ya zama ɗan siyasa ba shiri. Shi da Lawal suka bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Kanawa masu atamfa, Katsinawa masu hatsi, matan da ke sayar da doya, 'yan acaɓa a bakin tasha, mutanen da ba su taɓa ganin kwandon ƙwallo ba balle su san yadda ake zura ta, duk aka sa su danna na hagu. Lawal ne mai bayani. "Kun ga wannan baƙin? Dogo ne! Namu ne na kasuwar nan!" Wasu su dubi wayar, su dubi Thaddeus, su ce, "Kai haba!" su danna suna dariya. Christina ta kai maganar zumuntar mata a coci. Kafin a ankara tsohon tambari ya fara hawa, ya matso, har ya kamo zakin. Masu kare shi a shafin suka sami baki, suka shiga cewa ƙungiyar da ta yar da tarihinta ba ta da mutunci. Thaddeus ya fara cin abinci da kyau, har ana jin shi yana fito a kan aiki.

Sai ƙungiyar ta sanar cewa ranar Asabar, a hutun rabin lokaci na wasansu na gida, za a ba magoya baya makirufo su faɗi ra'ayinsu kafin a rufe ƙuri'a. Thaddeus ya tono tsohuwar jesinsa daga ƙasan akwati. Ta koɗe, ta kuma matse shi a ciki, amma ya sa ta a haka. Ya hau mota daga Orozo zuwa cikin gari, gwiwoyinsa na tokare da kujerar gaba har suka isa. Rabonsa da filin ya manta. A ƙofa mai duba tikiti bai ko ɗago ya kalle shi ba.

Da aka tafi hutu, wani matashi mai gyararren gemu da ake kira Elvis, mai kula da tallan ƙungiyar, ya fito tsakiyar fili da makirufo. A bayansa an kafa manyan alluna biyu masu ɗauke da tamburan. Aka fara. Wani ya ce baƙi da zinare ne kalar manyan ƙungiyoyi, kore kuwa sai ka ce 'yan aikin gona. Wata ta ce ba za ta iya sa tsohuwar jesin ta fita yawo ba, kunya take ji. Wani dattijo ya ce zakin ya yi kama da kare mai ciwon haƙori, aka yi dariya aka tafa masa. Wani saurayi ya karɓa ya ce, "Oga, maganar gaskiya, wannan mutumin na logo bai iya wasa ba. Wa yake riƙe ball haka? Ko ni na fi shi." Filin ya ɗauka da shewa.

Thaddeus ya miƙe. Ya sauko matakala ɗaya ɗaya yana dafa ƙarfe, mutane na janye ƙafafu suna ba shi hanya. Da makirufo ya zo hannunsa, duk maganar da ya shirya a mota ta gudu.

"Sunana Thaddeus," ya ce. "Ni ne wannan."

Aka fashe da dariya. Wani daga sama ya ce, "Baba, ni ma ni ne zakin!" Thaddeus ya ja ƙafa ya je gaban allon hagu, ya juya gefe, ya ɗaga hannun dama sama yadda yake ɗagawa a da. Hannun ya karkace daidai inda na inuwar ya karkace. Dariyar ta mutu daga kujerun gaba ta bi baya. Sai wani ya fara tafi, wani ya biyo, can sai ga filin gaba ɗaya a tsaye. 'Yan wasa suka taso daga benci suna buga ƙafa. Saurayin da ya ce ya fi shi ya rufe baki da hannu.

Wanda bai taɓa jin fili cike yana tafa masa ba, ba zai gane abin da ya sami Thaddeus ba. Tafin ya shiga jikinsa har ya manta da gwiwar. Idanunsa suka cika. Ya so ya ce a bar masa inuwarsa, ita kaɗai ta rage masa, amma tafin bai ba shi dama ba.

Elvis kuwa kansa na ja. Ya rugo ya rungume shi, ya karɓe makirufo. "Ladies and gentlemen, ga legend namu! Tarihin Tsauni da kansa!" Ya yi wa wani alama da hannu, aka kawo sabuwar jesi, baƙa mai ƙyalli, zaki a ƙirji. Ya ɗan rusuna ya miƙa da hannu biyu.

"Daddy, wannan kyauta ne daga club. Ka saka mana, hoto ɗaya kawai, for respect."

Thaddeus ya dubi rigar. Wani abu a ransa ya ce kada ka karɓa. Amma filin ya riga ya ɗauka: "Saka! Saka! Saka!" Sunansa ma aka fara kira, wasu suna faɗinsa daidai, wasu suna karya shi. Ta ina mutum zai ce a'a ga jama'ar da ke tsaye dominsa? Ya zura rigar a kan tsohuwar. Ta yi masa cif, sai ka ce an gwada shi. Elvis ya kama hannunsa ya ɗaga sama, wayoyi suka taso ta ko'ina, Thaddeus ya yi dariya har ana ganin haƙoransa na ciki. Ya koma gida yana ba Christina labari tun daga bakin ƙofa, yana cewa an gama, yanzu sun san shi, ba wanda zai taɓa tambarin.

Washegari bayan an taso daga coci Lawal ya zo har gida a kan babur. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya miƙa wayar.

Hoton ne a saman shafin ƙungiyar. Thaddeus cikin baƙar jesi, zaki a ƙirji, hannu a sama, baki har kunne. A ƙasa an rubuta cewa gwarzon da ke cikin tsohon tambari da kansa ya sa wa sabon albarka, ya miƙa tuta ga sabon zamani. Ƙuri'u kuwa sun kife cikin yini guda. Waɗanda suka fi kowa kare tsohon su ne suka fara sauka. Wanda babansa ya kai shi kallon wasa ya rubuta cewa tun da mai abin ya yafe, shi wane ne da zai riƙe. Wata ta ce dattijon ya yi kyau a baƙi. Ba zagi ko ɗaya, duk yabo ne da addu'a, kowa na cewa Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya nuna dattaku.

"Mutanen kasuwa ma sun gani," in ji Lawal, murya ƙasa ƙasa. "Alhaji mai atamfa ya ce ashe sabon kake so, ka sa muka yi ta wahalar da kanmu."

Lawal ya samo lambar ofishin ƙungiyar, Thaddeus ya kira aka haɗa shi da Elvis. Ya yi ta bayani yana haɗa kalmomi, ya ce shi bai yarda da komai ba, a cire hoton, a gaya wa mutane gaskiya.

"Ah ah, Daddy, amma kai ka saka da hannunka, kowa ya gani. An riga an rufe voting. Kar ka damu, everybody loves you."

Thaddeus ya ajiye wayar a kan dakali a hankali. Lawal ya yi ta neman abin faɗa, ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ya hau babur ya tafi. Baƙin ciki ya danne Thaddeus, irin wanda ba ka da wanda za ka kama da laifi. Da zagi suka kayar da shi, da ya sami abin riƙewa.

Christina ta fito ta tsaya a kansa, ranta a ɓace, tana neman wanda za ta sauke wa.

"Sun cuce ka, wallahi sun cuce ka. Wa ya tilasta maka sa rigar nan? Faɗa min, ni zan je har ofishin nasu."

Thaddeus ya girgiza kai, bai ɗago ba.

"Ba wanda ya tilasta min, Maman Promise. Tafi suke min. Daɗi na ji."