Kwalba Ta Huɗu

Ni da Basma ba ma ga-maciji, kowa a makarantarmu ta Gwaram ya san wannan. Tun muna aji ɗaya take kirana 'yar ƙauye don daga Sara nake zuwa. Ita babanta yana da shago a Kano, shi ke nan take ganin kanta kamar ita ta haifi boko. Sai ga shi mu biyun aka zaɓa mu je gasar binciken kimiyya a Birnin Kudu, kowacce da nata aikin. Ɗalibi ɗaya tak za a tura Dutse daga yankinmu, wanda aka tura kuma an ɗauke masa kuɗin jami'a. Basma ko ba gasa za ta yi karatu. Ni kuwa in ban ci ba, daga aji shida sai zaman gida.

Aikina a kan ajiyar wake ne. Na zuba wake a kwalabe huɗu: ɗaya da toka, ɗaya da barkono, ɗaya da busasshen ganyen darbejiya, ta huɗu kuwa ban sa mata komai ba. Wata huɗu cur ina ƙirga ƙwari duk Asabar ina rubutawa. Ta huɗun nan ita ce shaidata. Waken cikinta ya huje, ya yi gari, ƙwari na ta yawo, duk wanda ya gan ta kusa da sauran ukun ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Ranar gasa ƙanin mahaifiyata, Kawu Ƙasimu, shi ya ɗauko mu a motarsa ta haya. Kwalin kwalabena a ɗaure yake tun daga gida, aka ajiye shi a kujerar baya, daidai ƙafar Basma. Raina bai so ba.

Da aka kira sunana na tsaya gaban alƙalai uku, na zuba bayani tiryan-tiryan, har babbarsu, Malama Hapsatu, tana gyaɗa kai. Sai ta ce, "To Kaltume, nuna mana kwalaben."

Na kwance kwali, na jera su a tebur. Innalillahi! Kwalba ta huɗu fes take, wake fari tas, ko ƙwaro ɗaya babu.

"Littafinki ya ce ƙwari ɗari uku da goma," in ji Malama Hapsatu. "Suna ina?"

Kaina ya yi zafi. Na juya, na hango Basma a kujerar gaba tana ɗan murmushin nan nata mai ƙona rai. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ga ta nan! Ita ta canza mini a mota. Munafuka, ɓarauniya, 'yar baƙin ciki! Aikinki bai kai nawa ba, shi ne kika bi ta bayan fage!"

Zaure ya ɗau hayaniya. Basma ta miƙe tsaye, idanunta sun kaɗa. "Ni? Ni zan taɓa ruɓaɓɓen wakenki? Allah ya isa tsakanina da ke, Kaltume."

"Allah ya isar mini ni dai!"

Can daga bakin ƙofa sai muryar Kawu Ƙasimu: "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri, ba yarinyar nan ba ce." Ya cire hula yana murza ta. "Kakar Kaltume ce, Inna A'i. Yau da asuba ta buɗe kwalin, ta juye wa kaji waken nan mai ƙwari, ta wanke kwalbar ta cika da sabon wake. Ta ce jikarta ba za ta kai lalataccen abinci gaban manyan mutane a ce gidanmu ba a iya ajiya ba. Ni ma na ɗauka gyara ne."

Dariya ta ɓarke, har da masu buga tebur. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malama Hapsatu ba ta yi dariya ba. Ta buga biro a tebur aka yi tsit. "Aikin yana da kyau," ta ce, "amma lamba a takarda kowa zai iya rubutawa. In akwai ko da hoto ɗaya na kwalbar da ƙwarinta, zan karɓa. Akwai?"

Ni ba ni da waya. Amma makon da ya wuce, da na kai kwalaben makaranta don gwaji, Basma ta ɗauki ta huɗun hoto tana nuna wa ƙawayenta, tana cewa ga mai kiwon ƙwari. Hoton yana cikin wayar da ke hannunta a lokacin.

Na juya gare ta. "Basma," na ce, "don Allah."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta dubi wayar, ta kashe ta, ta zura ta cikin jaka, ta ja zif a hankali.

"Malama," ta ce, "wa zai karɓi shaidar ɓarauniya?"

Malama Hapsatu ta jira kaɗan, sannan ta ja layi a kan sunana ta kira na gaba.